Na Nawa Ɗana Ya Zo?

Masu karatu, ku matso kusa. Abin da ke bakina yau ya fi ƙarfin in faɗa wa ƙawayena, don babu wadda bakinta ke riƙe magana a cikinsu. Ku da ba ku san fuskata ba, ku zan faɗa wa.

Sunana Zulfa. Shekarata ashirin da shida, gidanmu yana Dawaki a garin Gombe, kuma ni malamar nazire ce a wata makarantar kuɗi da ke can ƙarshen Tumfure, inda sababbin gidaje suke cin karo da gonakin mutane. Sunanta Bamanga Royal International Academy. Sunan ya fi ginin tsawo. Ajujuwa shida ne da rijiya ɗaya, sai masarar maƙwabci da ke leƙo mu ta taga da damina. Abin da ya mayar da mu “International” kuwa, an ce wani yaro ɗan Kamaru ya taɓa yin wata biyu a wurin.

Shekarar 2015 ce, lokacin da kowa a garin nan yake tafiya yana waige. In ka hau keke mai ƙafa uku daga Dawaki zuwa Tumfure, sai an tsayar da ku an leƙa jaka kafin ka isa. Mu ma a makaranta ba a bar mu a baya ba. Alhaji Bamanga, mai makarantar, ya saya wa maigadinmu Malam Ɗantala irin na'urar nan da ake shafa wa mutum a jiki. Batirinta ya mutu tun zangon farko, amma Malam Ɗantala bai fasa aiki ba. Kullum da safe zai shafa ta a kan kwanon abincin yaro ɗan shekara uku, ya yi “tit-tit” da bakinsa, ya ce, “Wuce, ba ka da komai.” Iyaye suna jin daɗi, suna cewa makarantar nan akwai tsaro.

Yara ashirin da bakwai ne a ajina, daga ɗan shekara uku da rabi zuwa huɗu. Kuma waɗannan bayin Allah, da rabinsu ba su iya ɗaure igiyar wando ba, darussa goma sha ɗaya muke yi musu jarabawa a kai duk ƙarshen zango. Har da kwamfuta. Kwamfuta ɗaya ce a makarantar, tana ofishin Alhaji an lulluɓe ta da zanin gado, amma bara wani yaro ya ci casa'in da takwas a kanta. Jarabawar ta baki ce. Ka tsayar da yaro, ka ce, “What is your name?” Ka ce, “Capital of Ebonyi?” Ya rera maka “Abakaliki” kamar waƙa, alhali bai san hanyar banɗaki ba. Sai ka tara maki, ka jera su daga na ɗaya zuwa na ashirin da bakwai, kamar gasar tseren doki.

Ni dai ba haka aka koya mini ba. A kwalejin ilimi wata malama ta taɓa ce mana ba a auna ƙaramin yaro da tambayar minti biyu. Ki zuba masa ido yana wasa, ki rubuta abin da kika gani da kwanan wata, kada ki ƙara gishiri kuma kada ki rage. Tun da na fara aiki nake da wani littafi mai baƙin bango a cikin jakata. Wane ya riƙe fensir da yatsu uku yau. Wance ta jera takalma daga babba zuwa ƙarami ba wanda ya sa ta. Shugabarmu, Madam Juliana, ta san da littafin. Ita ma an taɓa tura ta bita a kan irin wannan aikin, ta dawo da jaka da riga da takardar shaida da ta rataye a bango. Takardun da aka ba ta ta raba mana kuwa, da su take fifita in an ɗauke wuta.

To, ga inda soyayya ta shigo cikin katin sakamako.

Ibrahim Khalil ne yake nemana. Ma'aikacin gwamnati ne, fari, dogo, motarsa fara, turarensa yana riga shi shiga zaure. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kirki. Yana gaida Baba a durƙushe, yana tuna ranar haihuwata. Matsalarsa ɗaya, yayarsa Hajiya Delu, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. In Adda Delu ta ce rana ta faɗi da hantsi, Ibrahim zai kunna fitilar mota. Kuma autanta, Bobbo, a ajina yake.

Ranar Litinin ta makon rufe makaranta ina ɗaura ɗankwali a gaban madubi, Mama ta shigo da kofin koko a hannu.

“Kin dai san Asabar mutanen Ibrahim za su zo gaisuwa ko?”

“Na sani, Mama.”

“To ki saki fuskarki a makarantar nan. Matar nan Delu ita ce uwa, ita ce uba. Ranar Juma'a na gan ta gidan suna, ta ce wai ɗanta ya ce Anti Zulfa ta hana shi cin alli.”

“To Mama, in bar shi ya ci?”

“Alli nawa ne? Ke dai ba ki san zaman duniya ba. 'Yar Hajiya Talatu da kuka yi saukar Alƙur'ani tare, 'ya'yanta uku. Ke kuma 'ya'yan mutane ashirin da bakwai, ko ɗaya babu mai kama da ke.”

Na shanye kokon na fita. Ina cikin keke, wajen shingen sojoji, wayata ta yi ƙara.

“Baby good morning. Kin tashi lafiya? I miss u.”

Kafin in ba da amsa wani ya shigo.

“Wai Adda ta ce na nawa Bobbo ya zo?”

Na rubuta: “Sai Alhamis ake ba da kati.”

“Na sani. Ta riga ta sa a yi cake ne, an rubuta 1st a kai. Pls kada ki ba ni kunya.”

Jama'a, na goma sha tara Bobbo ya zo. Yaro ne mai shiga rai, kumatu kamar an hura, ba ya zama minti ɗaya a kujera. In ka nuna masa B ya ce takwas ce. Amma cake ya riga jarabawa fitowa.

Akwai kuma Ummukulthum.

A zango na biyu aka kawo ta. Siririya, baƙa, idanu manya. Mutanen Bama ne, gudun hijira ya kawo su Gombe, suna zaune a Hammadu Kafi ita da kakarta Ya Fanna da ƙanin babanta, Abdulkahar. An kashe babanta ranar da aka shiga garinsu. Mahaifiyarta kuwa, a guje suka rabu a daji, har yau babu labari. Abdulkahar a da can malamin lissafi ne a sakandare, yanzu hula yake wankewa yana sayarwa a bakin kasuwa. Shi yake kawo ta kullum, da farar riga mai tsabta da ta sha guga har ta gaji. Zai ce, “Malama, ina kwana,” ya sunkuya ya gyara mata safa, ya tafi. Bai taɓa kallona sau biyu ba. Ni ce dai, Allah Ya yafe mini, na lura gefen girarsa ta hagu akwai ɗan tabo.

Yarinyar ba ta magana. Ba ta kuka, ba ta dariya, ba ta amsa sunanta da baki. Ranar jarabawa na ce, “What is your name?” ta dube ni. Na ce, “Capital of Ebonyi?” ta dubi taga. Darasi goma sha ɗaya, sifili goma sha ɗaya.

Ranar Talata Madam Juliana ta kira ni ofis. Ta zame tabarau zuwa kan hanci tana duba jerin sunayen da na kai mata.

“Zulfa, mene ne wannan? Bobbo nineteen?”

“Abin da ya ci ke nan, Ma.”

“Ke yarinya ce. Uwarsa 'ya'ya huɗu gare ta a makarantar nan. Ki mayar da shi first.”

“To Fa'iza fa da ta zo ta ɗaya da gaske?”

“Ita ma first.” Ta ja biro tana sa alama. “Ɗan DPO, first. Jikar Alhaji, first. 'Yan biyun mai gidan mai, ba a raba tagwaye, first, first. Wannan kuma babansa ne ya gyara mana rijiya.”

Na ƙirga. “Ma, na ɗaya bakwai ke nan a aji ɗaya.”

“Ai ba tare za su buɗe katin ba. Kowa gidansu zai kai.” Ta sauke murya. “Kina ganin ni ina so ne? Shekara ashirin ina koyarwa tun daga Kaltungo. Bara na ba wani yaro fifth, ubansa ya zo har nan ya ce in maimaita masa a gabansa. Ki bar ni in kai fansho da haƙorana.”

Ta kai ƙasan takardar, ta tsaya.

“Wannan 'yar Bornon kuma, last. Dokar Alhaji ce, wanda ya zo na ƙarshe a mayar da shi ajin ƙasa.”

Ajin ƙasa, masu karatu, ajin 'yan shekara biyu ne masu kunzugu. Wata huɗu Ummukulthum ta yi kafin ta yarda ta zauna kusa da wani yaro a ajina. Yanzu a raba ta da su a kai ta cikin masu rarrafe.

“Ma, yarinyar nan ta san abubuwa. Na rubuta.”

“Ta yi magana?”

“Ba sosai ba, amma...”

“To me zan sa a kati? Kallo? Babu layin kallo a katinmu.”

Ga inda zan faɗa muku laifina, don na ce ba zan ɓoye muku komai ba. Na koma aji, na ɗauki biro, na rubuta 1st a katin Bobbo da hannuna. Na tuna Mama, na tuna Asabar, na tuna farar mota, na rubuta. Sauran shidan ma na rubuta. Hannuna ko rawa bai yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da na zo kan katin Ummukulthum ne biron ya ƙi tafiya. Na bar layin fanko.

Ranar Laraba, da yara suka tashi, ban tafi gida ba sai la'asar. Na buɗe baƙin littafina, na sayi fallayen takarda a shagon da ke kallon makaranta, na kwafe wa kowane yaro abin da na gani a kansa cikin zangon, da kwanan wata, da Hausa yadda kowace uwa za ta iya karantawa. Na ɗauko abin maƙale takarda daga teburin Madam ba tare da ta sani ba, na maƙala kowane falle a bayan katinsa. A raina na ce, gaba nasu, baya nawa.

Alhamis ta zo. Na saka atamfata ruwan goro da mayafi ruwan madara, na ɗan ja kwalli. Kada ku tambaye ni don wa. An kafa rumfa a tsakar makaranta, an jera fararen kujerun haya. Malam Ɗantala yana bakin ƙofa yana ta “tit-tit” a kan jakunkunan hajiyoyi. Alhaji Bamanga ya sha babbar riga, ya yi jawabin minti arba'in a kan yadda ɗalibansa za su zama likitoci a Landan, yayin da likitocin suke ƙarƙashin kujeru suna kokawa a kan balan-balan.

Hajiya Delu ta iso da leshi mai duwatsu, zobe a yatsu huɗu, direba yana biye da ita da cake a kwali. Ta ba ni yatsu biyu.

“Amaryarmu. Ina katin yarona?”

Na miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe, ta ga 1st, ta saki guɗa a tsakiyar rumfa.

Abin da Madam ba ta lissafa ba shi ne, mata ba sa jiran su kai gida. Daga can gefe matar DPO ta ce, “Laa, Hajiya, naki ma na ɗaya? Ai nawa ne na ɗaya.” Uwar 'yan biyu ta ɗaga kati biyu sama. Matar mai gyaran rijiya, baiwar Allah, ta ce a hankali, “Mu ma fa haka aka rubuta mana.” Kafin ka ce wani abu rumfa ta kaure. Wannan na cewa nata ne na ainihi, waccan na cewa a kawo takardun jarabawa. Uwar Fa'iza, wadda 'yarta ta ci da guminta, ita ce kaɗai ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Madam Juliana ta tuna tana da aiki a banɗaki.

Ana cikin haka Hajiya Delu ta juya katin ta ga fallen da na maƙala. Ta gyara tsayuwa ta karanta da ƙarfi, tana zaton ƙarin yabo ne.

“‘Sha biyu ga Mayu. Bobbo ya cinye alli ɗaya da rabi.’” Ta dube ni. “‘Uku ga Yuni. Bobbo ya gane harafin A da O. Har yanzu yana kiran B takwas.’ Ke! Wane irin na ɗaya ne bai san B ba?”

“Adda, ki karanta na ƙasa.”

“‘Sha bakwai ga Yuni. Tayar mota ta fashe a titi. Wata yarinya ta shige ƙarƙashin tebur tana rawar jiki. Bobbo ya rarrafa ya bi ta, ya raba biskit ɗinsa biyu, ya zauna da ita har ta fito. Babu wanda ya sa shi.’” Ta ninke takardar. “Ƙarƙashin tebur. Ɗana. A ƙasa, cikin datti, kina tsaye kina rubutu.”

Wallahi a duk shekarar babu abin da wani yaro ya yi da ya kai wannan a wurina. Amma ta miƙa wa direba katin kamar ta taɓa ƙazanta, ta ja hannun Bobbo, cake ya bi su a baya bai ga wuƙa ba.

Na koma aji. A nan na tarar da su. Abdulkahar yana tsaye bakin ƙofa, Ya Fanna tana gefensa, tsohuwa doguwa cikin lafaya mai ruwan toka, ƙamshin turaren wuta yana tashi daga jikinta. Ummukulthum ta riƙe gefen lafayar. Ba su shiga rumfa ba, sun san abin da ke jiransu.

“Malama,” in ji Abdulkahar, “ba sai kin ji nauyi ba. Ni ma malami ne. Na san abin da ake rubuta wa wanda bai amsa komai ba.”

Na miƙa masa katin. Ya dubi sifilan nan, ya dubi layin da na bari fanko. Ya juya bayan katin ya fara karantawa.

A fallen na rubuta ranar da ta ware murafun kwalba, ja daban, kore daban. Ranar da ta zana gida mai ƙofa biyu da bishiya. Ranar da ta miƙa wa Fa'iza fensir kafin ta tambaya. Sai na ga yatsansa ya tsaya a wani layi. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko da ya kalle ni sosai.

“Wannan fa? Ke kika ji da kunnenki?”

Layin cewa ya yi: “Ashirin da biyu ga Yuni. Tana jera murafu ita kaɗai a bayan aji, bakinta yana motsi. Na matsa ba ta gan ni ba. Na ji kamar tana cewa tilo, indi, yasku, diyau, uwu. Ban san ma'anarsa ba. Wataƙila waƙa ce.”

“Na ji,” na ce. “Sau tara na ji, ga ranakun nan a ƙasa. Na rubuta yadda ya shiga kunnena ne, ka yi haƙuri in na ɓata.”

“Ba waƙa ba ce.” Ya dafa layin da yatsa. “Ƙirga take yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Da Barbarci.”

Ya juya ya yi wa Ya Fanna magana da yarensu, da sauri, yana nuna takardar. Tsohuwar ta saki baki. Ta nemi wurin zama, babu sai 'yar kujerar yara, ta zauna a kanta gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Ta jawo yarinyar jikinta tana shafa kanta, hawaye yana bin tsagar fuskarta.

“'Yata,” ta ce mini da Hausarta mai nauyi, “wata goma. Wata goma ba mu ji muryarta ba a gida. Mun kai ta asibiti, mun kai ta wajen malamai. Na ce ko muryar ta zauna a daji tare da uwarta.” Ta share ido da gefen lafaya. “Uwarta ce take mata haka. In tana mata kitso, tana ƙirga mata layi-layi don ta zauna shiru.”

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. Kwallin da na ja duk ya bi kumatu.

Abdulkahar ya ce, “Har nawa ta kai?”

Na buɗe baƙin littafin. “Ranar ƙarshe murafu goma sha huɗu ta jera, bakinta bai tsaya ba sai da ta taɓa na ƙarshe.”

Ya yi wata 'yar dariya da ta fi kama da kuka. “Goma sha huɗu. An ba ta sifili a lissafi.”

“Ni na ba ta,” na ce. “Tambayar da aka ce in yi na yi.”

A daidai nan Alhaji Bamanga ya faɗo ajin, yana gudun matan rumfa, wasu iyaye uku suna biye da shi. Ya ga tsohuwa tana kuka, ya zaci wata rigimar ce, ya fara ja da baya. Abdulkahar ya yi masa bayani a taƙaice. Na ga idon Alhaji yana juyawa kamar mai lissafin buhunan masara. Ya karɓi fallen, ya ɗaga shi sama, ya juya ga iyayen.

“Kun gani ko? Sabon tsarinmu ke nan! Daga waje muka kawo shi. Kowane yaro ana bin sa da rubutu kullum. Ni na ba da umarni!” Ya juyo gare ni. “Malama, yarinyar nan da wane yare ta yi ƙirgar?”

“Barbarci, Alhaji.”

“Akwai wani a ajin da ya iya?”

“Babu.”

“To ai ita ce ta ɗaya! Rubuta. Ta ɗaya a Barbarci. Ta wuce aji na gaba.”

Haka ajina ya tashi da na ɗaya takwas. Na cike layin da na bari fanko, kuma wannan karon, in gaya muku gaskiya, da daɗi na rubuta.

Da za su tafi Abdulkahar ya tsaya. “Malama, zan iya riƙe takardar nan?”

“Taku ce ai.”

Ya ninke ta sau biyu a hankali, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya dafa wurin da hannu. “Shekara shida na yi ina koyarwa. Ban taɓa kallon ɗalibi ɗaya haka ba.” Ya ce na gode, suka fita.

Madam Juliana ta fito daga maɓoyarta bayan kowa ya watse, ta miƙo mini takardar tuhuma: in yi bayani cikin kwana uku dalilin da ya sa na ɗauki abin maƙale takardarta ba izini. Tana miƙo mini tana cewa ƙasa-ƙasa, “Zango mai zuwa ki nuna wa sauran malamai yadda kike yi. Kada ki ce ni na ce.”

Ibrahim bai kira ni ba ranar Alhamis. Bai kira ba ranar Juma'a. Sai Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina yanka albasa, gidanmu ya cika da ƙamshin suya, Mama ta fito da labulen Sallah ta rataya, an shimfiɗa jan kafet a falo, saƙonsa ya shigo.

“Baby Adda ta yi fushi sosai. Ta ce kin tozarta ta a gaban matar DPO.”

Wani ya biyo.

“Ta ce za ta zo, amma sai kin sake rubuta wata takardar ki ce Bobbo ya iya A to Z. Ki cire zancen alli da tebur. Just one paper. Do it for us.”

Na kai wa Mama wayar ta karanta. Ta goge hannu a zani.

“To rubuta mana! Takarda ce fa kawai. Ai zai iya watarana, kin riga shi faɗa ne.”

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Na ɗauki biro har na rubuta kwanan wata. Sai na ajiye. Na ɗauki waya na rubuta masa: “Na yi ƙarya ɗaya a gaban katin saboda kai. Bayan katin ba zan taɓa shi ba. Ka ce wa Adda ɗanta ya fi duk yaran ajina zuciya mai kyau, in tana so in rubuta wannan sau ɗari zan rubuta.”

Alamar ya karanta ta fito. Bai amsa ba.

Ƙarfe huɗu na yi wanka na saka leshin da Mama ta zaɓa, shuɗi mai ɗinkin bubu. Huɗu da rabi babu kowa. Mama tana leƙa zaure tana dawowa, ba ta ko kallona. Biyar saura aka yi sallama, muryar babbar mace. Mama ta gyara ɗauri, ta saki guɗa tun daga kicin, ta fita da gudu tana “Maraba, maraba da manyan baƙi! Ku shigo, gidanku ne!”

Ya Fanna ce, cikin sabuwar lafaya, da kwalbar turaren wuta da humra a leda, Ummukulthum tana riƙe da hannunta. Ta taga na hango Abdulkahar a waje, tsaye jikin keke, yana gyara hularsa.

Mama ba ta taɓa ganin dangin Ibrahim duka ba, ta ɗauka wata gwaggonsa ce. Ta zaunar da ita a tsakiyar jan kafet, ta jere mata kuloli, ta zuba mata zoɓo a kofin gilashin da ba a taɓa ba kowa ba. Ya Fanna ta sha, ta sa albarka, ta ba da labarin takardar tun daga farko. Ina kallon fuskar Mama tana sauyawa a hankali, tana gane ba waɗanda take jira ba ne, amma labarin ya riƙe ta har ta kai gefen mayafi ido.

Sai tsohuwar ta ajiye kofi, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya ga Mama.

“Hajiya, ni ba na iya kwana-kwana. 'Yar nan taki, an ba da ita ne?”

Mama ta buɗe baki ke nan, sai hon ɗin mota ya karaɗe layinmu, sau uku, irin na wanda ya saba a buɗe masa ƙofa. Na san hon ɗin. Ƙanwata ta shigo da gudu ta ce Hajiya Delu ce da mata huɗu, kuma Ya Ibrahim yana waje sun yi cirko-cirko da wani mai hula.

Mama ta dubi ƙofa, ta dubi tsohuwar da ke zaune daram a wurin surukai da cinyar kaza a hannu. Ta matso kusa da ni, ta damƙi hannuna har sai da awarwarona ya shige fata, ta yi magana ta cikin haƙora.

“Zulfa, kaji huɗu na yanka yau. Kafin matar nan ta cire takalmi, ki gaya mini na wa na yanka wa.”